Yadda Soja Zai Je Aiki Ƙasar Waje Ya Dawo da Haƙƙinsa da Mutuncinsa

Tun da na ajiye kaki na dawo gida Zuru, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambaya a kan tafiyar soja aiki ƙasar waje da haƙƙinsa ba. Yau yaro ne da sunansa ya fito cikin masu tafiya aikin wanzar da zaman lafiya, gobe matar soja ce da mijinta ya dawo tuntuni amma ragowar kuɗinsa shiru, jibi uba ne da aka ce ya sayar da shanun huɗa a saka ɗansa a jeri. A ƙasarmu ta Zuru gidan da babu soja ko tsohon soja shi ne abin nema, don haka tambayar ba ta ƙarewa. Yanzu har daga Birnin Kebbi da Yawuri da Gusau saƙo yake zuwa mini ta waya, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar gaba ɗaya.

Na daɗe ina riƙe da sito, kuma na yi irin wannan tafiya. Duk wanda na ga ya faɗa rami a can, takarda ce ta jefa shi: ya sa hannu a kan abin da bai ƙirga ba, ko kuma ya rasa shaidar abin da ya ƙirga. A kan wannan na gina matakan da ke tafe.

Mataki na 1: Shiga jerin masu tafiya

Ba a sayen gurbi. Zaɓe, gwajin lafiya, allurar rigakafi da horon share fage irin wanda ake yi a cibiyar horar da masu wanzar da zaman lafiya ta Martin Luther Agwai da ke Jaji, duk aikin hukuma ne, ba a biyan kowa ko kwabo don sunanka ya shiga. Wanda ya ce ka kawo wani abu, ko ya ce a yi yarjejeniya za ka ba shi alawus ɗin wata biyu idan an dawo, ka ce masa ba ka da shi, ka wuce.

Hattara: wanda ya ci bashi ya sayi gurbi ya riga ya tafi da igiya a wuya. Ranar farko da ya sauka, lissafin yadda zai mayar da kuɗinsa yake yi, kuma jarkar man da ke gabansa ita ce mafi kusa. Wanda ya karɓi kuɗinka kuma ya riƙe sirrinka, gobe idan ya ce ka yi abu ba ka da bakin musu. Ku iyaye, don Allah kada a jinginar da gona saboda wannan.

Mataki na 2: San abin da za a biya ka kafin ka hau jirgi

Nan ne rigima ta fi yawa, kuma rabinta rashin sani ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta biyan sojan bataliya albashi hannu da hannu. Gwamnatin ƙasar da ta tura shi take biya, kuɗi ƙayyadadde a kan kowane soja duk wata. A shekarar 2018 an tsayar da shi a kan dala 1,428, daga baya aka ɗan ƙara. Ƙasarka ce ke yanke nawa zai iso hannunka daga ciki. Abin da Majalisar ke ba soja kai tsaye ɗan kaɗan ne, alawus ɗin yau da kullum na dala 1.28 a rana, sai kuɗin hutu. Aikin Tarayyar Afirka ko na ECOWAS, ko rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena, kowanne da nasa tsarin, kada ka auna wannan da mudun wancan.

Don haka lokacin horo, idan jami'in kuɗi ya zo yi muku bayani, ka miƙe cikin ladabi ka yi tambaya huɗu. Nawa ne a wata? Da dala za a biya ko da naira, kuma idan naira ce da wane farashin canji? Nawa za a ba ka a can, nawa za a riƙe sai an dawo? Akwai abin da za a cire, kuma na mene ne? Ka rubuta amsar, da kwanan wata, da muƙamin wanda ya faɗa. Idan akwai takardar umarni da ta bayyana haka, ka rubuta lambarta.

Hattara: farashin canji shi ne ƙofar da ake yawan bi. Ana iya gaya maka adadin dala daidai, a biya ka naira da farashin da ya wuce. Ranar da kuɗi ya shigo, ka rubuta farashin wannan rana kusa da shi.

Mataki na 3: Gyara gida

Ka duba takardar magajinka. Da yawa sun cike ta tun suna kurata, sunan wani kawu ne a ciki, alhali yanzu ga mata ga 'ya'ya. Idan ta Allah ta kasance a bakin aikin Majalisar Ɗinkin Duniya akwai diyya, wadda aka ɗaga zuwa dala 77,000 a 2018, kuma ita ma ta hannun gwamnati take bi kafin ta iso ga iyali. Iyalin da ba su san da ita ba, ba za su neme ta ba. Ka zaunar da maiɗakinka da wani dattijo guda da ka yarda da shi, ka gaya musu, ka bar musu lambarka ta soja, sunan rundunarka da kwafin takardun.

Asusun da za a zuba alawus ya zama naka kai kaɗai, da sunanka. Kada ka bar wa wani a bariki katin banki da lambar sirri don ya riƙa taimaka wa iyali. Ka umarci banki ya riƙa tura wa gida abin cefane duk wata.

Mataki na 4: Kayan da za ka riƙe

Littafi mai bango mai kauri, wanda aka ɗinke, ba mai waya da ake iya yage shafi ba. Biro uku ko huɗu. Jakar roba ta ajiye takardu saboda ruwa da ƙura. Ƙaramar tocila don leƙa cikin tanki da kwantena. Duka a kasuwar Zuru za ka same su, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kafin ka tashi ka sa wa kowane shafi lamba. Kullum ka rubuta kwanan wata, abin da ka karɓa, abin da ka bayar, wanda ya ba da umarni. Idan ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, kada ka goge.

Hattara: kada ka maida wayarka sito. Ɗaukar hoton makamai, taswira, sansani ko takardar sirri laifi ne mai zaman kansa, kuma da shi za a fara kama ka kafin a saurari ƙorafinka. Inda doka ta ba ka kwafi, ka nemi kwafin. Inda ba ta ba ka ba, ka rubuta lambar takardar a littafinka.

Mataki na 5: Karɓar kaya daga waɗanda za ku canja

Ranar miƙa aiki rana ce ta gaggawa. Waɗanda kuka tarar jirginsu na jira, zuciyarsu ta riga ta isa gida, ku kuma ga gajiya. Wanda za ka gada zai rungume ka, ya ce komai lafiya, ga littafi nan, sa hannu kawai. To daga lokacin da ka sa hannun, duk abin da ya ɓata a shekarar da ta wuce ya zama kai ka ɓatar.

Ka fara da makamai. Kowace bindiga ka karanta lambar jikinta da idonka, ka gwada da ta littafi, ɗaya bayan ɗaya. Akwatunan harsashi da hatiminsu ke nan daram ka ƙirga su a akwati, amma duk wanda aka taɓa buɗewa sai an zazzage an ƙirga. Ka ɗaga na ƙasan jeri ma ka ji nauyinsu. Daga nan motoci: a tayar da kowace a gabanka, ka duba batir, taya da safaya, ka rubuta mitarta. Sai janareta, rediyon sadarwa, tantuna, magunguna da ranar lalacewarsu. Ka yi komai tare da shaida na uku, wanda ba abokinka ba ne kuma ba abokin mai miƙawa ba.

Abin da bai cika ba, ka rubuta shi a jikin takardar miƙa aikin kanta, sama da inda za ka sa hannu, shi ma ya sa hannu a gefen. Na taɓa kwana biyu ina ƙirga a wani sansani, wanda zan gada ya yi fushi har ya daina gaishe ni. Tayoyi da batira ne suka yi ƙafa. Da na biye wa kunya, da daga alawus ɗina za a cire su.

Hattara: masu duba kayan runduna daga Majalisar suna zuwa lokaci lokaci, domin a kan motocin da ke aiki ake biyan ƙasa. Idan aka ce ka ciro batir daga motar da aka gama dubawa ka kai wa ta gaba don ita ma ta tashi, wannan zamba ce. Ranar da aka kawo hari, motar da ta ci jarrabawa da batirin aro ba za ta tashi ba.

Mataki na 6: Mai

A nan zan daɗe, don mai shi ne kuɗin da ke gudana a kowane sansani. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga yadda gwamnatin Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka a 2021 saboda baburan 'yan bindiga, kuma mutanen Danko da Wasagu sun san inda jarkar da ta shiga daji take ƙarewa. Haka abin yake a can. Man da aka sayar ta bayan shinge ba ya da alamar da za ta hana shi shiga tankin wanda zai ɗana muku nakiya gobe. A watan Agustan 2016 kotun soja ta Uganda ta zauna a Mogadishu ta ɗaure sojojinta tara da ke cikin rundunar Tarayyar Afirka a Somaliya saboda sayar da man rundunar.

Idan tanka ta iso, ga yadda ake yi. A tsayar da ita a fili mai daidai, a bar man ya natsu. Ka duba hatimin kowane baki, lambarsa ta yi daidai da ta takardar da direba ya kawo. Ka hau da kanka ka zura sandar awo a kowane ɓangare na tankar, don tanka ɗaya tana da ɗakuna da yawa, ana iya cika na gaba a rage na baya. Ka shafa wa bakin sandar maganin nan da ke canja launi idan ya taɓa ruwa, domin ruwa ƙasa yake kwanciya. Ka auna tankin sansani kafin a juye, ka sake aunawa bayan an juye. Sai ka leƙa da tocila ka tabbata tankar ta zama wayam kafin ta fita. Abin da ka auna shi za ka rubuta. Idan takarda ta ce lita 10,000 kai kuma ka sami 9,400, to 9,400 za ka sa wa hannu.

Wajen bayarwa, kowace mota da lambarta, mitarta, lita nawa, da hannun direba. Janareta kuma yana da agogon da ke ƙirga awannin da ya yi aiki. A ce naku yana shan lita 20 a awa, ya yi awa 10, to lita 200 ke nan. Ranar da aka rubuta masa 300, ka tambaya tun a ranar. Duk mako ka haɗa lissafi: abin da ka tarar, da abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, a gwada da abin da sanda ta nuna.

Hattara: kuskuren da aka fi yi shi ne barin lissafi ya taru sai ƙarshen wata. A lokacin babu mai tuna komai, sai a ce a daidaita alƙaluma, kuma daidaitawar nan ita ce ƙaryar farko da za ta ɗauki sa hannunka.

Mataki na 7: Abinci, 'yan kwangila da tafinta

Ana kawo abinci ne bisa yawan mutanen da ke sansani, don haka adadin da za ka aika ya zama na waɗanda suke nan a zahiri, ban da mai hutu da wanda aka mayar gida. Kada ka raina wannan. A ƙarshen 2014 firaministan Iraƙi Haidar al-Abadi ya bayyana cewa an gano sojojin bogi 50,000 a takardun albashi, watanni kaɗan bayan Mosul ta faɗi. Suna ɗaya da aka bari a takarda ake farawa da shi. Buhu ka ɗora shi a sikeli, nama da kaji ka duba sanyin kwantenar kafin a sauke.

Idan an ba ka kuɗin sayayya a gari, ka tambayi farashi a wuri uku da ƙafarka, kuma kada kullum tafinta ɗaya ya kai ka shago ɗaya. Tafinta shi ne kunnenka da bakinka a can, yawancinsu mutanen kirki ne, amma idan shi kaɗai ke zaɓen wanda za a saya a wurinsa da wanda za a ɗauka aikin shara, ya zama sarki ba naɗi, kuma da sunanku yake karɓar la'ada. Leburori a biya kowa a hannunsa, ya dangwala yatsa, ba a ba shugabansu ya raba ba.

Hattara: kada ka karɓi rasit da babu adadi a jiki, ko da mai shago ne ya miƙo da kansa don kyautatawa.

Mataki na 8: Kyauta, shinge da kasuwanci

Mai unguwa zai aiko da rago, ɗan kwangila zai kawo waya sabuwa ya ce tsaraba ce. A al'adarmu mayar da kyauta cin fuska ne, na sani. Ragon mai gari ka kai wa kwamanda a rubuta, a dafa wa kowa. Ta ɗan kwangila kuwa ka mayar, ka ce masa dokar aikinku ce ta hana, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan shi ne ranar da tankarsa za ta zo da giɓi.

A shingen bincike ba a karɓar na goro, ko na shan ruwa ne. Motar da ta saba biya ba a buɗe ta, kuma masu safarar makamai sun fi kowa sanin haka. Zinare, lu'ulu'u, hauren giwa, ko ɗaukar wa wani ɗan kasuwa kaya a motar runduna, duk ka nisance su. Haka kuma ba wa mace abinci, kuɗi ko aiki don a kwana da ita haramun ne a dokar Majalisar Ɗinkin Duniya tun sanarwar da Babban Sakatarenta ya fitar a 2003, kuma duk wadda ba ta kai shekara 18 ba babu wani uzuri ko kaɗan. Matar da yunwa ta kawo bakin shingenku amana ce a hannunku.

Mataki na 9: Idan na sama ya ce ka sa hannu

Wannan ita ce tambayar da yara suka fi yi mini da murya ƙasa ƙasa. Kada ka yi gardama a gaban mutane, kada ka ce masa ɓarawo. Ka ƙame ka ce, "Yallaɓai, abin da na auna ke nan, shi zan iya sa wa hannu. Idan akwai wani umarni, a taimaka a ba ni a rubuce." Sau da yawa maganar a nan take mutuwa, don mai son a yi ɓarna ba ya son sunansa a takarda. Daren nan ka rubuta abin da ya faru a littafinka, da lokaci, da waɗanda ke wurin.

Idan abin ya ci gaba, ka bi matakala. Ka fara da samanja, sannan kwamandan kamfani, sannan na bataliya, a rubuce, ka riƙe kwafi. Idan wanda kake ƙara shi ne na kusa da kai, dokar soja ta ba ka damar kai kuka ga na sama da shi. A aikin Majalisar Ɗinkin Duniya akwai ofishin ɗa'a da ladabtarwa a cikin aikin, akwai kuma ofishin binciken cikin gida na Majalisar, OIOS, da ke karɓar rahoto a asirce. Ka faɗi abin da ka gani da idonka kawai, da rana da adadi. Jita-jita ka bar ta a waje. Ba zan ɓoye maka ba, ana iya canja maka wurin aiki, ana iya daina yi maka fara'a. Na ga an yi. Amma wannan ya fi sauƙi a kan tsayawa gaban kotun soja da takarda mai ɗauke da hannunka.

Hattara, kuma wannan ita ce babba: kada ku taru ku yi bore, kada ku tare hanya, kada ka hau Facebook. A watan Yulin 2008 sojojin da suka dawo daga Laberiya sun fito kan titi a Akure saboda alawus ɗinsu. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta zuwa shekara 7, kafin a yi musu afuwa. Kukansu yana da tushe, amma hanyar da suka bi ta sa aka bar maganar kuɗi aka koma maganar tawaye. Kowa ya rubuta nasa ƙorafin da sunansa shi kaɗai.

Mataki na 10: Dawowa

Yadda ka so a miƙa maka, haka za ka miƙa wa mai gadonka. Ka ja shi ya ƙirga ko da ya ce ya yarda da kai, ku sa hannu tare da shaida, ka karɓi takardar sallama da ke nuna babu kayan hukuma a wuyanka. Kada ka ɗauko wa kowa ƙunshin da ba ka buɗe ba, ko na oga ne. Kwanson harsashi ma kada ka sa a jaka don tunawa. Idan kuɗin hannunka ya haura dala 10,000, doka ta ce ka bayyana wa kwastam a filin jirgi.

Kafin a sallame ku hutu, ka zauna da littafinka ka lissafa watannin da ka yi, abin da aka ce za a biya, da abin da ya shigo. Idan akwai saura, ka rubuta wa ofishin kuɗi ta hannun kwamandanka tun kuna tare, domin da zarar an watse kowa ya koma rundunarsa, bin sawun ya zama wahala. Littafin da takardar sallamar kuma ka sa su cikin jakar robar nan, ka ajiye a akwatin da maiɗakinka ta san inda yake. Masu binciken kuɗi kan waiwayo bayan shekara biyu ko uku, lokacin da waɗanda kuka yi aikin tare wasu sun yi ritaya, wasu an kai su wani fagen.